Katafaren Zaure Ba Ya Haifar Da Kasuwa

Wanda yake son ya ga gaskiyar katafaren zauren baje koli, kada ya je ranar buɗewa. Ya bari sai daren da aka tashi. Na taɓa makara a irin wannan dare, ina jiran wani abokin aiki ya gama ɗaure kayansa, sai na ga abin da baƙi ba sa gani. Ƙarfe shida na yamma aka yi sanarwar rufewa a lasifika. Kafin bakwai an naɗe jan kafet ɗin da muka kwana huɗu muna takawa, siminti ya fito fili da lambobin rumfuna a rubuce a jikinsa. Aka ɗage manyan ƙofofin baya, iska ta shigo, motocin ɗaga kaya suka biyo ta suna ƙugi. Wata rumfa da ɗazu aka hana mu jingina da bangonta, fitilu ko'ina kamar gidan biki, sai ga samari uku sun tasar mata da guduma. Ashe falanki ne da fenti. Zuwa tsakar dare babu abin da ya rage sai ginshiƙai da rufi, da wani fili wanda idan ka yi tari sai ka ji ya dawo maka daga can ƙurya.

A nan na tsaya ina tambayar kaina: gobe wa zai shigo nan? Jibi fa? A ranakun da babu kowa, wa ke biyan kuɗin wuta, da masu gadi, da gyaran rufi, da ruwan bashin da aka ci aka yi ginin?

Tun daga wannan dare, duk lokacin da na ji shugabannin wani birni sun tara 'yan jarida sun yaye ƙyalle daga kan ɗan ƙaramin samfurin gini, suna cewa ga cibiyar taro da baje koli da za ta jawo duniya ta zo, sai in ji gabana ya faɗi. Ba don ina ƙin irin waɗannan gine-gine ba. Ina son su ma, kuma zan faɗi dalili. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake juya lissafin, a ɗora keke a gaban doki a ce ja. Kasuwa ce ke haifar da zaure. Ban taɓa ganin inda zaure shi kaɗai ya haifi kasuwa ba.

Duba wuraren da abin ya yi albarka, za ka tarar ciniki ya riga gini zuwa, wani lokaci da ɗaruruwan shekaru. A 1240 Sarki Frederick na Biyu ya ba da takardar kariya ga fataken da ke zuwa cin kasuwar Frankfurt ta ƙasar Jamus. Ke nan ya tarar da kasuwar tana ci, shi dai hanya ya tsare mata. Manyan zaurukan da ke birnin a yau jikoki ne na wannan kasuwa, kuma kamfanin da ke tafiyar da su mallakar hukuma ne: birnin Frankfurt na da kashi 60, jihar Hesse na da kashi 40. Baje kolin masana'antu na Hannover kuwa, a 1947 aka fara shi, Jamus tana kwance cikin kufai bayan yaƙi, kuma a cikin zaurukan wata masana'anta da ta tsira daga bama-bamai aka yi. Babu sabon gini, babu ado. Akwai dai masu ƙera kaya da ke neman mai saye ido rufe, akwai kuma masu saye daga ƙetare. Haka baje kolin Canton a birnin Guangzhou na ƙasar Sin: tun 1957 ake yin sa sau biyu a shekara, ya yi ta sauya mazauni yana cika wuri yana tumbatsa, sai a 2008 ya tare gaba ɗaya a katafaren ginin Pazhou. Ko a can ɗin ma sai da aka raba shi zango uku. Ɗan kasuwa ba don ya kalli rufin Pazhou yake tsallaka teku ba. Yana zuwa ne domin masana'antun da ke kewaye da birnin, waɗanda idan ya ga samfuri yau, gobe zai iya shiga mota ya je ya ga inda ake ƙera shi.

To amma masu neman a yi gini ba daga nan suke faro labari ba. Daga rahoto suke farawa. A ɗauko wani kamfanin masu ba da shawara, a biya shi, ya kawo littafi mai sheƙi cike da zane-zane. A ciki za a ce baƙi kaza za su zo a shekara, kowane baƙo zai kwana kaza a otal, zai kashe kaza a yini. Sai a ninka jimillar da wani adadi, wai saboda kuɗin zai zagaya daga hannun mai otal zuwa na direba zuwa na mai wanki. Kafin ka ankara an fito da wata lamba mai sifili rututu, an raɗa mata suna ribar da birni zai samu.

Lissafin nan yana da ramuka, kuma ba sai masani ne zai gan su ba. Na farko, ba duk wanda ya ratsa ƙofa ne baƙo ba. Idan aka yi baje kolin motoci ko na kayan ɗaki, yawancin masu shiga 'yan gari ne. Kuɗin da suka kashe a can da ma a garin za su kashe shi, aljihu kawai ya sauya. Wani wurin ma mutum ɗaya ne ake ƙirgawa sau uku don ya shiga kwana uku. Sannan otal ɗin da baƙon ya sauka, idan na wani babban kamfani ne da hedikwatarsa ke wata nahiya, kaso mai tsoka na kuɗin ba ya ko kwana a birnin. Amma babban ramin shi ne wannan: wanda aka biya ya rubuta rahoto ya san amsar da mai biyansa ke son ji. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma bayan shekara goma, idan baƙin ba su zo ba, babu mai kiran sa ya zo ya yi bayani. Sau da yawa ma shi za a sake kira, ya zo ya ce matsalar ita ce zauren ya yi kaɗan, a ƙara faɗaɗa shi.

Wani malamin jami'a a Amurka, Heywood Sanders na Jami'ar Texas da ke San Antonio, ya shafe shekaru yana wani aiki mai gundura amma mai amfani: ya ɗauko alkawuran da aka yi kafin gini, ya jera su kusa da abin da ya faru bayan gini. A rahoton da cibiyar Brookings ta wallafa masa a 2005, ya nuna cewa filin baje koli a Amurka ya ƙaru da fiye da kashi 50 cikin ɗari tun daga 1990, alhali masu halartar manyan tarukan ba ƙaruwa suke ba, a wurare da dama ma raguwa suke. Masu harkar sun yi masa ca, suka ce ya ɗauki shekarun da kasuwa ta faɗi ya yi hukunci da su. Suna da ɗan abin faɗa a nan, domin harkar ta farfaɗo daga baya. Amma tushen maganarsa ban ga wanda ya tumɓuke shi ba: manyan taruka ƙididdigaggu ne, zauruka kuwa kullum ƙaruwa suke. Idan rumfuna suka fi masu haya yawa, kowa ya san wanda ke yanka farashi. Shi ya sa za ka ji birni ya ba masu shirya taro zaure a kan rabin kuɗi, ko kyauta, har da ƙarin tukuici, don dai kada su tafi wajen maƙwabci.

Ko Shikago, mai McCormick Place, zauren da ya fi kowane girma a Arewacin Amurka da fili mai faɗin kusan murabba'in mita 240,000, ba ta tsira ba. A 2009 babban baje kolin masana'antar roba ya sanar da cewa ya tattara ya koma Orlando saboda tsadar aiki a zauren. Sai da majalisar jihar Illinois ta yi doka a 2010 ta sassauta ƙa'idojin aiki a wurin don a tsayar da sauran. Idan mai wannan girma yana lallashin baƙi, ina ga wanda ya shigo jiya?

Daga nan sai a zo maganar da ta fi ba ni haushi, wato idan aka ce wa jama'a, ku kwantar da hankalinku, ba ku za ku biya ba, baƙi ne za su biya ta harajin ɗakin otal. Wannan magana rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ta fi ƙarya wuyar kamawa. Gaskiya ne Las Vegas da harajin otal ta gina sabon ɓangaren zaurenta na kusan dala biliyan 1 da aka buɗe a 2021, amma Las Vegas gari ne da aka gina kacokan a kan baƙi, ba kowane gari ne zai ari rigarta ta yi masa daidai ba. A Shikago, cikin harajin da ke biyan bashin McCormick Place har da wanda ake ɗorawa a gidajen cin abinci na tsakiyar birni da motocin haya, kuma ɗan gari ma yana cin abinci. Ban da wannan, harajin da aka karɓa daga baƙo, da zarar ya shiga baitulmali ya zama kuɗin jama'a. Da ba a ɗaure shi a ƙafar zaure na shekara talatin ba, da ya iya gyara bututun ruwa ko ya sayi motocin safa. Idan kuma shekara ta yi muni, otal-otal suka zama wayam, masu bin bashi ba sa jin wannan uzuri. Kan baitulmali suke dawowa.

Akwai kuma tarko na biyu da ke bin bayan na farko. An gama zaure, baƙi ba su zo ba, sai a ce ai don babu babban otal ne a jikinsa. 'Yan kasuwa su duba su ga ba riba, su noƙe. Sai birni ya ce to ni zan gina. Baltimore ta Amurka ta yi haka, ta ci bashin kusan dala miliyan 300 ta buɗe otal mai ɗaki 757 a 2008, otal ɗin kuma ya yi shekaru yana tafka asara. Ni dai a ganina, idan masu neman riba da kuɗinsu suka ƙi taɓa abu, ya kamata mai riƙe da kuɗin marayu ya tsaya ya tambayi dalili.

Sai dai duk wannan bai kai abin da ya faru a Basel ta ƙasar Suwizalan ba, kuma a kansa nake son in ɗan daɗe, domin Basel ba ta yi kuskuren da na ambata a sama ba. Tana da kasuwa ta gaske. Baje kolin agogo da kayan ado na Baselworld, wanda asalinsa ke komawa ga 1917, shi ne inda duk mai ƙera agogo mai ji da kansa yake zuwa kowace shekara. A 2013 aka buɗe sabon zaure da fitattun masu zanen gini Herzog da de Meuron suka zana, a kan kuɗin Suwizalan faran miliyan 430. Gini ne na gani na faɗa, da wata ƙatuwar taga zagayayya a tsakiya da ke kallon sama. Shekara biyar kacal bayan haka, a 2018, babban kamfanin agogo na Swatch ya ce ya fita. Masu baje koli da suka kai wajen 1,500 a 2016 suka zube zuwa ƙasa da rabi. Kokensu ba ɓoyayye ba ne: kuɗin rumfa ya yi yawa, otal-otal na tsawwala farashi a makon taron, masu shiryawa kuma ba sa sauraron kowa. A watan Afrilun 2020 Rolex da Patek Philippe da wasu manya suka bi sahu, suka nufi Geneva. Baje kolin 2019 shi ya zama na ƙarshe. Zauren yana nan, ana wasu tarukan a ciki, amma abin da aka fi gina shi dominsa ya tafi.

Abin lura a nan, masu zaure sun ɗauka su ne kasuwar. Sun manta cewa kasuwa mutane ne, mutane kuma suna da ƙafa. Gini ana yin sa ne da niyyar shekara hamsin, taro kuwa yarjejeniyar 'yan shekaru ce. CeBIT na Hannover, baje kolin kwamfuta da ya tara mutum sama da 800,000 a 2001, an rufe shi a 2018. Baje kolin motoci na Geneva da aka fara tun 1905, a 2024 masu shi suka ce sun haƙura da yin sa a birnin. Na Frankfurt ya koma Munich a 2021. Babban taron wayar salula da Basalona ke tinƙaho da shi a yau, daga Cannes ta Faransa ya taso a 2006, kuma abin da ya taso daga wani wuri zai iya tasowa daga naka.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa intanet ta kashe haɗuwa ido da ido. A 2020, da aka soke taron Basalona a watan Fabrairu saboda annobar korona, sauran suka bi kamar an tsinke carbi, mutane da yawa sun yi wa harkar sallar gawa. Aka koma baje koli ta allon kwamfuta, kowa ya gwada, kowa ya gaji. Da aka buɗe ƙofofi jama'a suka dawo. Dalilin a fili yake: zuwa da kai ya fi saƙo. Na ga wani mai saye ya tsuguna gaban injin, ya sa kunne yana sauraron ƙararsa, ya shafa inda aka yi walda da ɗan yatsa, sannan ya ɗago ya kalli mai sayarwa cikin ido ya yi masa tambaya ɗaya. Daga yadda mutumin ya ɗan yi jim kafin ya amsa, mai sayen ya gane abin da yake son ganewa, ya miƙe ya wuce rumfa ta gaba. Babu kyamarar da za ta ba shi wannan. A yini ɗaya ƙaramin ɗan kasuwa zai ga masu kaya arba'in, ya gwada farashi, ya ji gulmar sana'a a layin shan shayi, abin da zai ci masa wata shida da kuɗin jirgi in da bi zai yi ɗaya bayan ɗaya. Wannan amfani ne na gaske, kuma shi ya sa nake son zaurukan nan.

Akwai ma wani amfanin da ba a rubuta shi a rahoton masu ba da shawara, sai ranar wuya ake tunawa da shi. Fili mai rufi, da wuta da ruwa da banɗaki da ƙofar da babbar mota za ta shiga, abu ne mai daraja idan masifa ta sauka. A 2020 zauren IFEMA na Madrid ya koma asibiti, ya karɓi marasa lafiya kusan 4,000. A 2017 wajen mutum 10,000 suka fake a cibiyar taro ta Houston lokacin ambaliyar guguwar Harvey. Amma ko a nan ma darasin bai sauya ba. A Landan an mayar da zauren ExCeL asibiti cikin kwana tara, da shirin gado har 4,000, sai ga shi marasa lafiya 54 kawai aka kwantar a zagayen farko na annobar, kuma cikin dalilan har da ƙarancin ma'aikatan jinya. A New Orleans a 2005, dubban mutane sun taru a cibiyar taro bayan guguwar Katrina, suka yi kwanaki babu isasshen ruwa babu abinci, domin babu wanda ya shirya wurin don haka. Bango da rufi ba sa jinya, kamar yadda ba sa ciniki.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da irin wannan gini ke yi wa unguwa. Zauren baje koli akwati ne, ba ya son taga, domin mai rumfa yana son shi ya mallaki haskensa. Saboda haka ta waje dogon bango ne makaho, a bayansa kuma layin tireloli. Titi da a da ake ratsawa sai ya mutu. Makon taro unguwa ta cushe, mako biyu na gaba ko kare ba ya wucewa. Kuma filin ba daga sama yake faɗowa ba. Kafin a buɗe cibiyar taro ta Moscone a San Francisco a 1981, sai da aka tashi dubban mutane daga unguwar, galibinsu tsofaffin ma'aikata masu zaman ɗaki ɗaya a ƙananan otal-otal masu araha. Sun kai ƙara kotu, sun samu aka gina wasu gidaje a madadin, amma unguwar da suka sani ta tafi. A cikin lissafin riba ba na jin an taɓa ware musu layi.

To me nake so? Ba cewa nake kada a gina ba. Cewa nake a amsa tambayoyi a bainar jama'a kafin a haƙa harsashi. Wane taro ne yanzu haka yake cika wurin da muke da shi har ana mayar da mutane? A kira sunansa. Baƙon da ake jira, ta ina zai shigo, jirgi nawa ke sauka, kwana nawa zai yi yana neman biza? Ruwanda, da ta buɗe cibiyar taro ta Kigali a 2016, ba ta tsaya a gini ba: ta zuba kuɗi a kamfanin jirginta, kuma daga farkon 2018 ta ba kowane baƙo damar karɓar biza a filin jirgi. Mutum zai iya jayayya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma aƙalla sun gane cewa hanya tana gaba da zaure. Sannan a wallafa alkawuran rahoton, kowace shekara a jera su kusa da ainihin adadin baƙin da suka kwana a otal, ba waɗanda suka ratsa ƙofa ba. A kuma faɗi tun farko nawa za a riƙa cikawa daga baitulmali duk shekara, domin yawancin irin waɗannan cibiyoyi ba sa ɗaukar nauyin kansu. Idan jama'a suka ji adadin suka ce sun yarda, shi ke nan, ai ɗakin karatu ma ba riba yake kawowa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar musu da ɗawainiya da sunan jari.

Kuma a fara da kaɗan. Babban baje kolin Landan na 1851, wanda ake ɗauka kakan duk waɗannan, a ginin ƙarfe da gilashi aka yi shi, wanda Joseph Paxton ya zana yadda za a iya kwance shi. Mutum wajen miliyan 6 suka shiga, aka samu rarar fam 186,000, aka sayi fili da ita a Kudancin Kensington inda manyan gidajen tarihi suke a yau. Da aka gama, aka kwance ginin aka mayar da filin shaƙatawar da aka kafa shi a kai yadda yake.

Kwatanta wannan da cibiyar taro ta ICC a Berlin. An buɗe ta a 1979, tsawonta ya haura mita 300, an lulluɓe ta da farin ƙarfe kamar jirgin sama jannati, kuma tana cikin gine-gine mafi tsada da Berlin ta Yamma ta taɓa yi. Ta yi zamaninta, ta karɓi manyan taruka. A 2014 aka rufe ta, saboda ta tsufa kuma akwai sinadarin asbestos mai cutar da lafiya a jikinta. Gyara tsada, rushewa tsada. An tsugunar da 'yan gudun hijira a ciki na wani lokaci, daga baya aka yi allurar rigakafin korona a wurin. A 2019 aka sa ta cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a rushe, aka ci gaba da cigiyar wanda zai karɓe ta, baitulmalin birnin kuma yana biyan kuɗin kula da ita.